Yaren da Kaka Ta Ɓoye

Musu ne ya haɗa su. A ajin 'yan shekara ta biyu na sashen nazarin al'adun duniya, ɗaki mai fanka uku da guda ɗaya kawai ke juyawa, malama ta tambaya: me mutum yake fara rasawa idan ya bar ƙasarsa ba da sonsa ba?

Auta, wadda hannunta ba ya gajiya da ɗaguwa, ta ce gida da dukiya. Daga tsakiyar aji wani dogon saurayi ya ce shi a ganinsa barkwanci ne.

"Da yaren aro za ka iya sayen magani, ka tambayi hanya," in ji shi, "amma sai ka shekara goma ba ka ba kowa dariya ba. Mutane su ɗauka haka Allah ya yi ka."

Auta ta juya don ta ga wane ne wannan mai kwance mata zani a kasuwa, sai ta tarar yana mata murmushi kamar mai ba da haƙuri. Kafin a tashi malama ta haɗa su aikin zango: su nemi baƙin da suka zauna a garin, su ji labarinsu, su rubuta.

Tafinta ake kiransa, don yare huɗu ne a bakinsa. Mahaifiyarsa yaƙi ne ya koro ta daga wata ƙasa tun tana budurwa, ta rene shi ita kaɗai da keken ɗinki bayan rasuwar mahaifinsa. Shi ya san lungun da mai gyaran agogo yake, da matar da ke sayar da zare, da tsohon malamin makarantar da ya koma gadi. Shi yana fassara, ita tana riƙe da rikoda tana rubutu. In ta yi tambayar da ta yi tsauri sai ya tausasa ta kafin ya miƙa, ita kuma ta kama shi, su yi ta musu har tashar mota.

Wata ranar Asabar suka biya shagon mahaifiyarsa. Auta ta zauna kan tarin yadi tana jin uwa da ɗa suna hira da wani yare mai taushi, da ba ta san ko kalma ɗaya a cikinsa ba. Da yamma saƙonsa ya shigo:

"'Yar Tambaya, Umma ta ce kin cika surutu. A wurinta wannan yabo ne. Ni kuma ina da tambaya ɗaya, amma tsoron amsarki nake."

Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa:

"Tafintana, ai ka saba tausasa tambaya. Yi ta yadda take. Amsar ta daɗe da shiryawa."

Haka suka shekara biyu. A shekarar ƙarshe ya nemi izinin zuwa gaida Baba.

Baban Auta shekara talatin yana da kantin magani, kuma burinsa autarsa ta gaje shi. Tun da ta zaɓi wannan sashe yake kiran karatunta digirin hira. Yana da wani matashin mai harhaɗa magani a kantin, yaro mai ladabi da farar riga kullum a goge, wanda ya daɗe yana aiko wa Auta gaisuwa ta bakin yayanta.

Baba ya karɓi Tafinta a falo, ya amsa gaisuwarsa, ya tambayi mahaifinsa da kakansa da garinsu. Da ya tafi, Baba ya ce ba zai tilasta mata kowa ba, amma ba zai ba da 'yarsa ga wanda ba a san tushensa ba.

"Ke hira, shi hira. Da me za ku ci abinci? Sannan in an tambaye ni dangin surukina, in nuna ina?"

Auta ta ce, "Baba, mutum ne na kirki."

"Ban ce ba na kirki ba ne. Na ce ban san shi ba."

Mama ta yi mata ido, Auta ta bar maganar.

Bayan kwana huɗu saƙon Tafinta ya zo:

"Na ji labari. Allah ya sa shi ne mafi alheri gare ki. Ba zan zama sanadin ɓacin ran mahaifinki ba. Ki yafe mini."

Ta karanta sau biyar. Wato daga tsawa ɗaya har ya tattara tabarmarsa? Zuciya ta ɗebe ta, ta kife wayar ba ta amsa ba. A aji ya koma can gefen taga, ita ta daina ɗaga hannu. Mako uku suna wuce juna kamar ba su taɓa raba kujerar mota ba.

A cikin makonnin nan ne jikin Kaka ya rikice. Kaka mahaifiyar Baba ce, tana ɗakin da ke kusa da na Auta, kuma tsufa ya fara ɗauke mata sunayen mutane. Yanzu sai ta daina cin abinci. Da la'asar ta yi sai ta kama ƙarfen gado tana kuka, tana maimaita wasu kalmomi da babu mai ganewa. Likita ya ce tsofaffi kan koma yaren yarintarsu. Baba ya ce mahaifiyarsa ba ta da wani yare, a gidan nan aka san ta, sambatu ne kawai. Ya kawo magunguna iri-iri daga kanti, Kaka ta ture.

Auta na zaune tana mata fifita wata la'asar, sai kunnenta ya kama wani abu. Ba kalma ta gane ba, sautin ta gane, yadda ƙarshen magana ke sauka a hankali. Ta taɓa jin sa a kan tarin yadi.

Ta ɗauko rikoda ta naɗi minti ɗaya. Ta daɗe da wayar a hannu, girman kai na ja, kukan Kaka na ja. Ta tura wa Tafinta da layi ɗaya:

"Ba don ni ba. Me take cewa?"

Ko minti goma ba a yi ba:

"Ƙanwarta take nema. Ta ce hannunta ya suɓuce mata a bakin kogi. Yaren Umma ne, irin na da. Mu zo?"

Auta ta sami Baba a falo ta nuna masa. Ya karanta, ya cire tabarau, ya mayar, ya sake karantawa. Sai ya tashi ya buɗe ƙofar gida.

Umma ta zo da zare maƙale a gefen mayafinta, don daga kan keke ya taso ta. Ta durƙusa gaban gadon ta yi gaisuwa da yarensu. Kaka ta tsaya cak. Ta kamo fuskar Umma da hannu biyu, sai magana ta ɓalle mata kamar an fasa tulu.

Tafinta na tsaye a bakin ƙofa yana fassara wa Baba a hankali. Kaka tana da shekara bakwai aka gudo da su daga ƙasarsu. A wurin tsallaka kogi taro ya raba ta da ƙanwarta. Wasu bayin Allah suka ɗauke ta suka riƙe kamar 'yarsu, amma yaran unguwa suna kwaikwayon bakinta, sai ta rantse ba za ta sake yaren ba. Ko mijinta bai sani ba har ya koma ga Allah.

Baba ya jingina da bango. Mutum mai shekara sittin da biyu, yau yake jin sunan da aka raɗa wa mahaifiyarsa.

"Tambaye ta," ya ce, "me ya sa ba ta taɓa gaya mini ba?"

Umma ta tambaya. Kaka ta dubi ɗanta.

"Ta ce tana so ka yi tafiya a gari kanka a ɗage," in ji Tafinta.

Ranar Kaka ta ci abinci daga hannun Umma.

Da Auta ta rako su bakin titi, Umma ta yi gaba da gangan. Tafinta ya ce yana taya ta murna, ya ji ta amince da mai farar riga. Ta ce wa ya gaya masa? Ya ce yayanta, har makaranta ya same shi.

"Kuma ka yarda? Kai da kake cewa kada a rubuta labarin mutum sai an ji daga bakinsa?"

Ya sunkuyar da kai. "Na faɗi wannan jarrabawar, zuciyata."

"Ka faɗi warwas. Ni ma da na amsa saƙonka da ba mu kai haka ba."

Yaya ya sha faɗa wurin Mama, ya ce shi gani ya yi yana rage wa kowa wahala.

Baba bai sauko a rana ɗaya ba. Umma ta riƙa zuwa duk bayan kwana biyu, Tafinta na rako ta, Baba na amsa gaisuwa a taƙaice. Sai wata rana Auta ta leƙa falo ta gan shi da takardar rubuta magani, Tafinta na faɗa yana rubutawa: yadda ake cewa "ina kwana, Inna", da "ci kaɗan", da "ga ni nan". Yana karya kalmomin, yana hararar malaminsa in ya gyara masa.

Sun rubuta wa wani ofishi mai neman dangin da yaƙi ya raba, da sunan ƙanwar Kaka da na kogin. An ce su yi haƙuri, irin wannan yakan ɗauki shekaru. Auta ta yi kundin kammala digirinta a kan tsofaffin da suka ɓoye yarensu, ta samo bakwai a unguwarsu kaɗai. Tafinta kuma babban asibiti ya ɗauke shi aikin fassara tsakanin likitoci da baƙi. Mai farar riga, da ya ga inda iska ta dosa, ya janye cikin mutunci, har ya zo ɗaurin aure.

Ranar da Baba ya amince, a kanti ya kira Tafinta. Ya ce masa ya taɓa tambayarsa tushensa, alhali shi bai san nasa ba, ya roƙe shi ya manta da wannan magana. Tafinta ya ce ai uba ba ya laifi don ya tambaya.

An ɗaura aure wata biyu bayan sun karɓi sakamako. Yaya ne ya yi ta jigilar kwalayen littattafan amarya zuwa sabon gida, yana mita wai mutane na kai kujeru su suna kai laburare. An zaunar da Kaka a falo cikin rigar da Umma ta ɗinka mata. Ba ta tuna sunan Auta ba, amma ta shafa kanta, ta yi doguwar addu'a da yarenta, Umma na amsawa da amin tana share ido.

Da za su tafi, suka durƙusa gaban Baba. Ya daɗe yana kallon autarsa.

"Na so in zaɓa miki, sai Allah ya riga ni, kuma ya fi ni iya zaɓe," ya ce. Ya juya ga angon. "Ɗana, ga ta nan. Tana da musu, ka riga ka sani. Ku yi haƙuri da juna. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Auta ta kifa kanta a gwiwarsa tana kuka. Ya ɗago ta da kansa, ya raka su har mota.