Wanda Ya Ƙarasa Gidan Ottosen

"Alhamdulillahi, Garth ɗina zai samu 'ya'ya," in ji Mama Velda, tana share hawaye da gefen adikon tebur.

Cokalin Thayne ya tsaya a sama.

Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Minti biyar ke nan da muka gaya mata ni da Thayne muna son yin aure. Kwana uku na yi ina shirin kukanta da faɗanta, sai ga uwar mijina marigayi ta rungume ni, ta rungume Thayne, har da ƙara masa dankali a faranti.

"Mama... shekara huɗu ke nan da rasuwar Garth," na ce a hankali.

"Na fi ki sani, 'yar nan, ni na rufe masa ido. Amma a haikali aka ɗaura ku. Duk abin da kika haifa nasa ne."

Ba ƙarya ta yi ba. A addininmu, auren da aka ɗaura a haikali, babban ɗakin ibadarmu, mutuwa ba ta raba shi. Namiji in matarsa ta rasu yana iya ƙara ɗaura aure na har abada da wata, mace kuwa muddin tana numfashi namiji ɗaya ne nata. In ta sake aure, na zaman duniya ne kawai, 'ya'yan da ta haifa kuma a lahira na mijin farko ne. Sai fa in ta rubuta takarda ta nemi a warware na farkon. Ina da shekara ashirin da ɗaya aka ɗaura ni da Garth Ottosen. Wata takwas muka yi, motarsa ta ɗaukar abincin talotalo ta zame a kan ƙanƙara, ko ciki bai bar ni da shi ba.

Thayne ya ajiye cokali, ya yi godiya da ladabi kamar yadda aka raine shi, ya fita.

Gidan nan ne ya haɗa mu. Kakan kakan Garth, Jens Ottosen, ya taso daga Denmark ya ratsa fili yana tura kayansa a amalanke, ya kafa shi da farin dutsen tsaunin bayan gari. Bango mai kaurin kamu biyu, ƙananan tagogi, matakala mai tsayi da ta sha kayar da mu. Wani ƙanin kakansu mai shegen wayo ya taɓa shafe shi da siminti, simintin ya riƙe ruwa, dutsen ya fara marmashewa. Shi ne dangi suka ɗauko Thayne Larsen, magini, ya ɓamɓare ya mayar da kwaɓin farar ƙasa irin na da.

Ranar farko na kai masa ruwan lemo, ya ce in matsa, ina tsaye a kan yashinsa. Na ce a raina wannan ko gaisuwa bai iya ba. Kafin tuffa ta nuna, ni ce ke ƙirƙiro dalilin shanya kaya sau uku a rana a gefen da yake aiki, shi kuma wai tsaninsa ba ya tsayuwa daidai sai kusa da tagar kicin. Ya sa mini suna 'yar gidan dutse. Na so shi son da ban san akwai sauransa a zuciyata ba.

Washegarin wannan cin abincin na same shi a kan tsani, ya yi kicin-kicin da fuska. Ya ce in hau. Na hau. Ya kama hannuna ya ɗora a kan dutsen da ke ƙasan taga, sannan a kan na sama, ya tambaye ni abin da na ji. Na ce dutse na ji, me kuma?

"Na ƙasa saran mai gaggawa ne, da hannun dama. Na sama bahago ne ya sare shi, mai haƙuri. Mutum biyu suka gina gidan nan, Ranae. A saman ƙofa kuwa sunan mutum ɗaya ne."

Muka tambayi Mama Velda. Ta ba da labarin tana yanka burodi, kamar ba komai ba. Ashe ginin bai wuce tsayin taga ba zazzaɓi ya ɗauke Jens. Wani abokinsa ya auri matarsa, auren zaman duniya, ya ƙarasa ginin, ya dasa itatuwan bakin hanya, suka haifi 'ya'ya bakwai. Duk sunan Ottosen suka amsa. Thayne ya tambayi sunan mutumin. Ta yi tunani, ta ce Anders wani abu, tana jin akwai shi a cikin littafin zuriya.

"Mutumin kirki ne," ta ce. "Kamar kai, ɗana."

Da nufin yabo ta faɗa, Allah ya sani. Ni dai na ga yadda wuyansa ya yi ja.

Kafin mako ya zagayo magana ta gama gari, don garinmu in ka yi atishawa a wannan ƙarshen, a wancan za a ce maka sannu. Mahaifiyar Thayne ta tare ni a ƙofar coci, tana murmushi saboda idon mutane. Ta ce ba ta da komai da ni, amma ɗanta ba zai yi noma a gonar aro ba. Daga ranar ta fara aiko masa da abincin rana ta hannun Sherrie, 'yar aminiyarta, budurwa fes da ba a taɓa ɗaura ta da kowa ba. Sherrie takan zo da kwando ta zauna a kan katangarmu, ta kira ni 'Yar'uwa Ottosen da ƙarfi don kowa ya tuna matar wane ce ni. Thayne bai taɓa kallonta sau biyu ba, amma haushi kamar ya kashe ni.

Na je wurin bishop ɗinmu, shugaban cocin garin. Ya ce hanya akwai, in rubuta takardar warwarewa, su aika wa manyan coci, amma in yi addu'a tukuna. Na yi addu'a har gwiwoyina suka gaji. Abu ɗaya nake gani in na rufe ido: Garth, ɗan shekara ashirin da uku, mai dariyar nan tasa ta wauta, yana tsaye can shi kaɗai. Ba mata, ba ɗa. Bai yi mini laifin komai ba, mutuwa kawai ya yi.

Mama Velda ta ga takardar a kan tebur. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta zauna a ƙasan matakala ta ce Garth kaɗai ta haifa, in na sake shi wa zai riƙe shi? Na durƙusa muka yi kukanmu tare.

Ranar da Thayne ya cire tsani na ƙarshe, dusar ƙanƙara ta fara sauka a kan tsauni. Ya shigo kicin da hularsa a hannu, duk farar ƙasa a gashin girarsa. Takardar tana gabana, na rubuta komai, saura sa hannu.

"Ranae, masoyiyata... ba zan iya ba. Na gwada, Allah ya gani. In ɗauki jariri mai hancina, in sa masa albarka, ina sane cewa aro aka ba ni?"

"To mu yi na duniya. Shekara hamsin ba kaɗan ba ce, Thayne."

"Ina son hamsin ɗin. Ina son abin da ke bayanta ma."

Na ɗauki alƙalami. Na yi niyya, don na gaji da kwana da hoton mamaci alhali ga mai rai yana sona. Sai bakina ya riga hannuna.

"Tambaya ɗaya zan yi maka, ka gaya mini gaskiya. Da a ce da kai aka ɗaura ni, ka mutu bayan wata takwas, wani ya zo ya ce in sa hannu in sake ka... za ka yarda?"

Ya kalli takardar. Na roƙe shi da ido ya yi mini ƙarya, ƙarya ɗaya tak, da na sa hannun nan take. Amma Thayne mutum ne da bai iya shafa siminti a kan ɓaraka ba.

"A'a," ya ce. "Da ban yafe ba."

Na ajiye alƙalamin.

Thayne ya juya hularsa a hannu. Daga baya ya shiga gaya mini kada a bari ruwan indararo ya zuba a gindin bangon arewa, kada kowa ya sake kawo siminti kusa da gidan, in an ga tsaga a kira ƙaninsa, ya iya aikin. Ina gyaɗa kai kamar mai ɗaukar darasi, hawaye na ɗiga a kan takardar. Ya sumbaci goshina, ya sa hularsa.

"Sai wata rana, 'yar gidan dutse."

Bai auri Sherrie ba. Ya koma jihar Idaho, bayan shekara biyu aka ce an ɗaura shi a haikali da wata malamar makaranta, sun samu ɗa namiji. Mahaifiyarsa ce ta nuna mini hoton a ƙofar coci, wannan karon murmushinta na gaske ne.

Na duba yaron da kyau. Hancin Thayne ne sak. Na ce Allah ya raya, na miƙa mata hotonta, na kama hannun Mama Velda muka taka a hankali zuwa gida.