Afiniki da Injin Tsaga Katako

A bazarar shekarar 1973 ne motar Lawal ta yi zafi a hanyar Godogodo. Lawal direba ne, ya ɗauko Silvanus makaniki daga Kafanchan don su gwada gyaran da aka yi wa motar. Da tururi ya fara tashi, Silvanus ya ɗauki galan ya shiga kurmi neman ruwa.

Bai yi nisa ba ya jiyo kukan zarto. Wani dattijo ne tsaye kan ƙaton gungumen maɗaci da aka gitta a bakin rami, yana jan dogon zarto sama, wani kuma daga cikin ramin yana mayar da shi ƙasa.

"Sannunku da aiki, Baba. Ina zan sami ruwa a nan kusa?"

Dattijon ya leƙa ramin. "Afiniki, fito ki nuna wa baƙo rafi."

Na cikin ramin ya hauro, ya cire tsumman da ya ɗaure fuska da shi. Ashe budurwa ce. Dusar katako ta rufe mata gira da wuya, idanunta sun yi ja, tafin hannunta duk kanta.

Silvanus ya tsaya da galan a hannu, ya manta abin da ya kawo shi.

"Ruwan kake so, ko kallon?" ta ce.

A hanyar rafi ya tambaye ta yaya aka yi mace take jan zarto. Ta ce gurbin yayanta Luke ta cike. Ya tafi yaƙi, aka gama yaƙin kowa ya dawo, shi bai dawo ba, ba gawa ba labari. Mahaifinta, Baba Kambai, ba shi da wani ɗa namiji, zarton kuwa mutum ɗaya ba ya jan shi.

"Idonki ba ya ciwo?"

"Na saba," ta ce, ta share da bayan hannu.

Lahadin da ta biyo baya aka ga Silvanus a cocin Godogodo, da farar riga mai guga. Ta gaba ma haka. Mutumin da yake da coci a bakin ƙofarsa a Kafanchan, kowa ya gane abin da yake kawo shi. Bayan sujada yakan tsaya gindin mangwaro har ta fito daga ajin mawaƙa.

"Afi tawa," yakan ce a hankali.

"Wa ya ba ka ni?"

"Ina kan roƙo."

Mama Lucia, mahaifiyarta, ta so shi tun ranar farko. Ta zuba masa tuwon acca, ta zauna tana kallon yadda yake ci. Baba Kambai ma yana hira da shi, har ranar da ya tambaye shi inda ya koyi gyaran mota.

"A soja, Baba. Ni nake gyara manyan motoci lokacin yaƙi."

Dattijon ya ajiye lomar da ya ɗauka, ya wanke hannu, ya shige ɗaki.

Da Silvanus ya turo kawunansa gaisuwa, Baba Kambai ya karɓe su da mutunci, amma ya ce su yi haƙuri.

"Yaron bai yi mini komai ba," ya ce. "Amma in na gan shi, sai zuciyana ya tambaye ni, me ya sa wannan ya dawo, nawa bai dawo ba? Ba zan iya kallonshi kullum a gidana ba. Kuma in ya ɗauke ta, wa zai shiga mini rami?"

A wannan lokacin ne Malam Alexander ya fito. Akawu ne a wurin masu sayen citta a Kachia, mutumin kirki mai sabon babur. Ya ce in aka ba shi Afiniki zai ɗauki lebura ya riƙa taya Baba. Dangi suka ce ai magana ta ƙare.

Afiniki ta aika wa Silvanus 'yar takarda ta hannun Lawal:

"Silva, Baba ya ƙi. Kada ka zo Lahadi, ba na so ya ga hawayena a gaban mutane. Ina yi maka addu'a. Afi."

Amsa ta dawo da motar washegari:

"Afi tawa, na ji. Ba zan zo ba. Amma ki ba ni damina ɗaya. Zan fitar da ke daga ramin nan, ko Baba ya ba ni ke ko bai ba ni ba. Naki, Silva."

Abin da ke ransa inji ne. Ya taɓa ganin irinsa a kudu, wani ƙaton zarto mai kama da faifai yana cin gungume kamar ana yanka doya. Ba shi da halin saye, sai ya ƙudura zai haɗa nasa.

Ya fara tara kaya a bayan garejinsu. Ya samo tsofaffin ƙarafa dogaye guda biyu ya shimfiɗa su kamar layin dogo. Ya yi waldar keken da zai ɗauki gungume ya riƙa gudu a kansu. Lawal ya taho masa da tsohon faifan zarto daga Jos, duk tsatsa, haƙoran sun dakushe. Saura abin da zai juya shi.

Akwai wata gwauruwa a Kafanchan, Martina, wadda injin niƙan mijinta ya mutu tun bayan rasuwarsa. Ta ce ya ɗauka, in zai gyara mata rufin ɗaki kafin ruwa ya yi ƙarfi. Kullum da yamma Silvanus yana kan rufin Martina. Magana kuwa ba ta buƙatar mota, kafin wata ya ƙare ta isa Godogodo cewa makanikin ya koma gidan gwauruwa.

Ranar kasuwa Afiniki ta shigo Kafanchan. Ta bi ta layin da aka kwatanta mata, ta hango shi zaune a ƙofar gidan, Martina tana miƙa masa kwanon abinci. Ta juya da sauri. Ya gan ta, ya biyo ta da gudu.

"Afi! Tsaya mana!"

"Koma abincinka zai huce."

"Zo ki ga abu ɗaya. In kin gani kika ce in rabu da ke, zan rabu da ke."

Ya kai ta bayan gareji ya yaye buhunan da ya rufe aikin da su. Ta daɗe tana kallon ƙarafan, da faifan, da injin Martina da aka warware gunduwa-gunduwa a kan tabarma. Ta kalli hannuwansa, duk ƙunar walda.

"Duk wannan saboda ni?"

"Saboda idanunki. Ba na so su ƙara yin ja."

Ta zauna kan wata tsohuwar taya ta yi kuka sosai. A makon nan ta gaya wa Malam Alexander gaskiya. Ya ce Ubangiji ya ba ta wanda take so, ya hau baburinsa, bai sake zuwa ba. Baba Kambai ya daina yi mata magana sai ta aiki.

Da ruwa ya ɗauke, Lawal ya kwashe kayan zuwa wani fili a gefen Godogodo. Suka kafa turaku, suka ɗaure injin kan gungume, suka ja bel daga injin zuwa faifan. Ranar gwaji rabin gari ya fito. Baba Kambai bai zo ba.

Silvanus ya murɗa hannun injin, injin ya yi tari ya mutu. Ya sake, ya kama, baƙin hayaƙi ya tashi, faifan ya fara juyawa har haƙoransa suka ɓace wa ido. Mata suka yi guɗa.

Ya turo keken a hankali. Faifan ya shiga gungumen, dusa ta yi feshi. Ya ci kamar kamu ɗaya, sai ƙarar ta sauya. Itacen ya matse faifan, hayaƙi ya fara fita daga tsagar. Silvanus ya kai hannun hagu zai gyara zaman gungumen, gungumen ya yi tsalle, ya ja hannun.

Afiniki ce ta fara isa wurinsa. Ta cire ɗankwalinta ta ɗaure hannun, ta riƙe kansa a cinyarta cikin motar Lawal har Kafanchan. A asibiti aka ce yatsu biyu sun tafi, ƙaramin da na kusa da shi.

Da ya farfaɗo ya juya fuska bango.

"Ki je, Afi. Na ce zan fitar da ke daga rami, ga shi ko sifana ban sani ba ko zan sake riƙewa. Ki nemi Malam Alexander ki ba shi haƙuri."

"Ka gama?"

Ta jawo kwanon kunu kusa.

"To buɗe baki ka sha kunu. Ni ba yatsunka na ce ina so ba."

Ranar da ta koma gida ta tarar Baba ba ya nan. Mama Lucia ta nuna mata hanyar fili da baki. Can ta same shi, shi kaɗai, a tsugune gaban faifan, yana kallon inda jinin ya bushe a kan ƙarfe. Ya daɗe yana fama da tari, ranar kuwa har kafaɗunsa suna girgiza.

"Yaron nan ya zubar da jininshi a garina," ya ce, bai ɗago ba. "Luke nawa, ban san a garin wa ya zubar da nashi ba. Ban san ko wani ya ɗaure mishi ciwo ba."

Afiniki ta durƙusa kusa da shi. Tun da aka gama yaƙi ba ta taɓa jin ya ambaci sunan ba.

"Je ki kawo mini magagarina," ya ce.

Da aka sallami Silvanus ya zo filin da hannu a rataye. Ya tarar da dattijon zaune kan kututture yana wasa haƙoran faifan ɗaya bayan ɗaya, yana ɗan karkata wannan dama, wancan hagu.

"Zauna," in ji Baba Kambai. "Ni ban san inji ba. Kai ka san shi. Amma haƙori in bai buɗe ba, itace zai kama zarto. Ka yi wa keken nan abin da zai danne gungume, kada hannun mutum ya sake zuwa kusa."

Suka yi makonni suna aiki tare, mai hannu ɗaya da mai tari. Silvanus ya ƙera maƙatai da za su riƙe gungume, ya yi wa faifan murfi, ya sa dogon ƙarfen turawa. Afiniki ce take ɗaure musu noti. Ba su cika magana ba, amma wata rana aka ji Baba yana ba shi labarin yadda Luke yake tsoron kunama.

Gwaji na biyu ba su gaya wa kowa ba. Su huɗu ne, har da Mama Lucia da ke tsaye nesa ta haɗa hannuwa tana addu'a. Afiniki ta murɗa injin. Silvanus ya tura keken. Faifan ya shiga maɗacin ya bi shi tiryan-tiryan har ƙarshe, katako ya kwanta gefe, sumul. Aikin da yake cin musu yini, ya ƙare kafin a gama gaisuwa.

Baba Kambai ya shafa katakon da tafin hannu, ya shinshina shi. Hawaye suka gangaro masa.

"Silvanus."

"Na'am, Baba."

"Ka gaya wa kawunanka su dawo."

Aka sa ranar aure bayan Ista. Amma tarin bai jira ba. Kafin Kirsimeti Baba ya kwanta, ƙirjin ya ƙi magani. Wata safiya ya sa aka kira su biyun, ya ɗora hannun Afiniki kan naƙasasshen hannun Silvanus, ya riƙe su da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"Kada ku ɗaga ranar saboda ni," ya ce. "Na riga na ɓata muku lokaci."

Da rana tsaka ya cika.

Silvanus da kansa ya tayar da injin ya tsaga katakon akwatin. Ya zaɓi maɗaci mafi kyau a filin. Yana turawa yana kuka, Afiniki tana karɓar katakon ta ɗaya gefen, ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa ya yi shiru.

Ba su ɗaga ranar ba. Asabar ɗin bayan Ista cocin Godogodo ya cika har waje. Lawal ya kwaso mutanen Kafanchan a motarsa, Martina a cikinsu da ƙatuwar tukunyar shinkafa. Ƙanen Baba ne ya riƙo hannun amarya zuwa gaban fasto. Da suka wuce bencin da dattijon ya saba zama, sai ta ɗan tsaya tana kallon wurin.

Fasto ya tambaye su, suka amsa. Muryar Silvanus ta yi rawa, tata kuwa ta fita sarai har bencin baya.

Bayan an gama suka je suka durƙusa gaban Mama Lucia. Ta ɗora hannu ɗaya a kan kowannensu. Matan zumuntar coci suka matso suka dafa ta.

"Na binne miji," ta ce daga baya. "Ɗana kuma ban sami ko abin binnewa ba. Na ɗauka Ubangiji ya gama da gidana. Ku tashi, yarana. Ubangiji ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya, ya bar muku su har su binne ku da hannunsu."

Jama'a suka ce amin.

A bakin ƙofar coci Silvanus ya sunkuyo kusa da kunnenta.

"Kina kuka, matata."

"Kai ma kana yi."

"To mu tafi a haka."

Ta kama hannunsa na hagu ta riƙe gam, suka fita, matan zumunta suna biye da su da waƙa.