Dutsen da Ya Tokare Kyamara

Kwana uku wani mai ɗaukar hoto yana hawa wani tsauni, yana farautar hasken yamma a kan rusasshiyar ganuwar mutanen da. Rana ta huɗu hasken ya zo yadda yake so, sai ƙafa ɗaya ta abin ɗora kyamara ta ƙi zama. Ya hangi tarin duwatsu a gindin ganuwar, ya zaro ɗaya mai kaifin baki ya tokare ta.

Nan take tsuntsaye suka yi tsit. Ƙarnin jini ya bugi hancinsa.

"Ɗana, mayar da shi inda ka ɗauko."

Wani tsoho ne a bayansa, ya dafe gefen kansa da hannu ɗaya. Sai bakinsa ya gama motsi sannan maganar ke isowa.

"Baba, hoto ɗaya kawai. Rana za ta faɗi."

Bai ga tahowar marin ba. Ya dai tsinci kansa a ƙasa, haƙora biyu na yawo a bakinsa. Tsohon ya take masa wuyan hannu har ƙashi ya yi ƙara, ya ja shi kan tsakuwa kamar buhu, ya yar da shi a gaban dutsen.

"Shekara nawa ina kwance lafiya."

Sannan ya sauke hannun da ya dafe kansa. Rami ne mai zurfi a wurin, jini na kwarara sabo fil. Mai hoton ya dubi ramin, ya dubi bakin dutsen. Daidai suke, ko kaɗan babu bambanci.