Fatar da Shu'aibu Ya Huda

Hasiya na tsakar gidansu a unguwar Ali Kazaure da ke Jos tana wanke tumbi a daro, sai mahaifinta, Malam Datti mahauci, ya shigo ya yar da fatar rago a gabanta, duk ta sha huda.

"Ga aikin angonki," in ji shi. "Wannan ko majemi ba zai kalle ta ba."

Ita dai ta sunkuyar da kai. Saurayinta Shu'aibu makanikin motoci ne a barikin Rukuba, har aka zo rage yawan sojojin ƙasa aka sallame shi, ko kofur bai kai ba. Ranar da ya kawo labarin idonsa jawur, Malam Datti kuwa har sadakar ƙosai ya yi. Ɗansa na fari, Lukuman, ya tafi yaƙin basasa bai dawo ba, tun daga nan uban ya tsani ganin kaki. Sharaɗinsa guda ne: Shu'aibu ya kama wuƙa a mayankar Abatuwa, a ɗaura aure bayan babbar Sallah.

Shu'aibu ya kama, don so ba ƙarya ba ne. Amma hannun da ya saba da sufana ina ruwansa da fiɗa? Kullum sai ya huda fata, mahauta na dariya suna kiransa Oga Soja. Ba a ganin haƙoransa sai in motar naman Musiliu direba ta mutu, ya shige ƙarƙashinta. Ya rame ya yi baƙi, abin yana ci wa Hasiya rai.

Wata yamma a zaure ya faɗa mata sojan sama na ɗaukar makanikai a Kaduna, har da waɗanda aka sallama ba da laifi ba, amma shi ya haƙura saboda ita.

"Ba zan aure ka ina kallo kana narkewa kamar kitse a rana ba," ta ce. "Ka je intabiyu ɗin. Amma ta ƙofa za ka fita, ka gaya wa Baba da bakinka."

Ya kuwa gaya masa. Malam Datti ya ce ya zaɓa, ko kaki ko Hasiya, ya kaɗe riga ya shige ɗaki. Hasiya ta sha kuka har ta gode Allah, amma ko sau ɗaya ba ta ɗaure wa mahaifinta fuska ba, ita ke kai masa ruwan alwala kamar kullum.

Mahaifiyarta Balaraba ba ta cika magana ba. Ta bari sai da Malam Datti ya ci tuwo ya sha ruwa, Hasiya na jiyo su daga madafi, sannan ta tuna masa cewa Lukuman ma haka yake huda fata, aka yi ta matsa masa har ya haura katanga ya tafi ba sallama.

"Malam, ba kakin ne ke hana ka barci ba, albarkar da ba ka sa masa ba ce. Wannan kuwa ta ƙofa ya zo."

Da Hasiya ta shiga kwashe kwanuka, ta ga hawaye a gemun mahaifinta.

Washegari ya sa aka kira Shu'aibu. Ya karɓe wuƙar fiɗa ya mayar kube, ya ce yau ragunan Jos sun huta. Sannan ya dafa kansa ya daɗe yana addu'a, yana ambaton suna biyu, na mai tafiya da na wanda bai dawo ba.

Aka ɗauki Shu'aibu a Kaduna, bayan Sallah aka ɗaura aure. Daga nan duk jirgin da ya gifta saman Abatuwa, sai Malam Datti ya dakata da yanka ya ce wa mahauta surukinsa ne ya ɗaure masa noti.

Hasiya ta yi haƙuri, ta tsira da miji da uba gaba ɗaya. Mai neman albarkar iyaye ya bi ta ƙofa, ko ta jinkirta sai ta iske shi.