Taliyar Shagon Ablikim

Ranar na raka surukina asibiti ne a duba masa ƙafa, don mijina Mederbek yana birnin Masko wurin aiki. Muna dawowa rana ta faɗi. Da muka sauka daga mota a bakin layinmu, Baba ya tsaya ya shaƙi iska, ya ce shi fa yau ba zai kwana da shayin matarsa da busasshen burodi ba, lagman yake so, taliyar nan da ake ja da hannu a zuba mata romo. Na bi shi a baya, jakar magani a hannuna.

Shagon Ablikim ƙarami ne, 'yan tebura da ledar shimfiɗa mai zanen inabi. A duk garinmu na Osh babu inda ya fi shi araha. Duk unguwa an san ba ya jan taliya da magariba, yakan rufe kwaɓin da tsumma ya tafi masallaci. Amma ranar ƙofa a buɗe take. Ƙamshin tafarnuwa da kitsen rago ya cika ɗakin. Bayan labule ana buga kwaɓi a kan katako. Tas. Tas.

Baba ya jingine sandarsa yana dariya. "Ablikim, yau ciniki ya fi liman murya ke nan? Ni dai gurgu ne, ina da uzuri."

Hannu ne ya fito ta gefen labule ya ajiye kwano biyu. Dogon hannu, fari fat da gari. Na ɗauko na ajiye wa Baba nasa da hannu biyu, kaina a ƙasa. Nawa ban taɓa ba. Ba na iya cin abinci a gabansa.

Ya zuba barkono, ya kama silin taliya ɗaya ya fara zuƙa. Ya yaba romon da kai. Ya ci gaba da zuƙa. Ni kuwa ina kallon leda, shi ya sa na gani. Silin bai ƙare a cikin kwano ba. Ya haura ta bakin kwanon, ya sauka ta ƙafar tebur, ya bi ƙasa, ya shige ƙarƙashin labule.

Bugun ya tsaya.

Silin ya miƙe kamar igiyar shanya.

Fuskar Baba ta daki tebur. Kwano ya fashe, romo ya watsu mini a ƙirji. Da ya ɗago, hancinsa ya karkace, jini na bin gemunsa, bakinsa a buɗe. Aka sake fizga. Ya faɗo daga kujera, aka ja shi da ciki a kan siminti, farcensa na kartar ƙasa.

Na kama ƙafarsa mai ciwon. Aka ja mu tare. Labule ya tsinke ya faɗo mana.

Abin yana tsaye bakin tukunya, sanye da farar rigar Ablikim. Fuskarsa sumul take kamar kwaɓin da aka shafa wa mai, babu ido, babu hanci. Yana naɗe silin a wuyan hannuwansa a natse, yadda masu jan taliya ke yi. Ruwan tukunyar na tafasa.

Na sa haƙori a silin. Tauri gare shi kamar jijiya, ga ɗumi, kuma yana motsi. Wani abu ya make ni a kunne. Na bugu da bango, na ji haƙarƙarina ya ce ƙas.

Sai ga Ablikim na gaske a guje daga masallaci, da takalmi ƙafa ɗaya. Ya zari wuƙar nama ya kai wa abin sara. Abin ya kama hannunsa ya murɗe har ƙashi ya fito, ya tsoma shi a tukunya. Ihun da ya yi, har yau ina jinsa.

Ya zube kusa da ni, yana haki. "Kira shi, yarinya," ya ce da raɗa. "Muryar gida kawai zai ji."

Na ce, "Baba."

"Da sunansa!"

Tun da aka kawo ni gidan, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Ko ɗan maƙwabtanmu mai sunan, takwaran Baba nake ce masa. Uwata ta tsufa ba ta faɗi na surukinta ba.

An ɗaga Baba. Yatsun ƙafarsa sun bar ƙasa.

Idanunsa sun juye. Ba ya ko shure-shure.

Tururi ya rufe masa fuska.

Gemunsa ya taɓa ruwa.

"Toktosun!"

Ban san ina da murya irin wannan ba. Na sake, har maƙogwarona ya tsage. Baba ya zabura, ya juyo da ido ya kalle ni, ya datse haƙoransa.

Silin ya yanke. Jini ya tsarto daga cikinsa, baƙi. Tukunya ta kife, wuta ta mutu. A cikin duhu na ji kamar an jefar da jiƙaƙƙen kwaɓi a ƙasa, yana jan jiki zuwa ƙofar baya. Na ja Baba ta kwalar riga har titi.

Ablikim ya rasa hannun, ya koma sayar da kankana da na hagu. Matan layi ba su daɗe kan zancen aljani ba. Abin da suka riƙe shi ne, surukar gidan nan ta ƙwala wa uban mijinta kira da suna, har masallaci an ji.

Baba bai ƙara magana ba. Yana cin abinci, yana sallah a zaune. Amma kullum idan rana ta faɗi, sai ya miƙe ba sanda, bakinsa a buɗe, wuyansa a gaba, ya nufi ƙofa. Matarsa ta kira shi. Mederbek ya dawo ya kira shi. Liman ma ya gwada. Ba ya juyowa sai in ni na kira shi da sunansa.

Don haka da an fara kiran magariba, matar Baba takan ja mayafi ta rufe kunnuwanta, ta fita tsakar gida. Ni kuma in tsaya a bayansa, kaina a ƙasa, in buɗe baki.