Ƙamshin Kujerar Gaba

Saudatu na tsakar gida tana tsince shinkafa ta ji ƙarar ƙofar gareji. Ko ɗago kai ba ta yi ba, don kowa a gidan marigayi Alhaji Ramadan da ke unguwar Sheshe ya san wannan ƙarar. In dai an idar da la'asar, Umma, mahaifiyar Saudatu, za ta ja ƙafa ta bi ta zaure, ta shiga tsohuwar Fijon mijinta, ta zauna a kujerar gaba da carbinta. Ba inda za ta. Motar ma ba ta da ƙarfin zuwa ko'ina, tun rasuwar Alhaji take ɗore a kan duwatsu.

Alhaji Ramadan turare yake sayarwa a kasuwar Kurmi, sana'ar da ya gada tun daga kakanninsa Larabawa. Motar nan sabuwa dal ya saye ta, ruwan madara. Ita ta riƙa kai su idi, ita ta kai su Tiga yawon sallah da kulolin abinci a but, ita kuma ta kai yayyen Saudatu mata ɗakunan mazajensu. Duk Juma'a da hannunsa yake wanke ta, yana yi yana mata hira kamar tana ji. Da aka zo rabon gado, Hajiya Rahma, wato Umma, ta ce ita dai a bar mata motar a cikin rabonta.

A kujerar gaban akwai wani baƙin tabo mai faɗin tafin hannu biyu. Ranar da aka haifi Saudatu ya samo asali. Alhaji ya ɗauko mai jego daga asibiti, murna ta hana shi kallon hanya, sai ga akuya a daidai Ƙofar Ɗan Agundi. Ya taka birki, kwalbar turaren udi da ya ajiye a gaban mota ta faɗo ta tuntsire a gefen Umma. Soson kujerar ya shanye tas. Shekara da shekaru, in aka rufe gilashi rana ta ɗan buga, ƙamshin sai ya taso kamar yanzu mutumin ya fita.

"Auta! Zo nan," Umma ta kira daga gareji.

Saudatu ta shiga ta zauna a mazaunin direba.

"Biki ya matso. Motar nan ce ta kai 'yan'uwanki, ita nake so ta kai ki."

"Umma, motar da ko tari ba ta yi?"

"Za ta yi. Ki turo min Bilal."

Jibrin, babban wan Saudatu, yana zaure yana jin su. Ya leƙo yana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Haba Umma! A wannan zamanin? Na sha gaya miki mu sayar wa 'yan gwangwan mu huta. So kike a yi mana dariya a unguwa?"

"Shi ya sa ban ba ka makullin ba," in ji Umma.

Maganar ta soki Jibrin, ga ta kuma a gaban ƙanwarsa. Ya juya ya fice.

Bilal, wanda aka sa musu rana da Saudatu, kayan gyaran mota yake sayarwa a Ƙofar Ruwa. Yaro ne mai kirki, sai dai akwai rawar kai, irin mutanen nan da in ka aike su sayen gishiri sai su haɗo maka da tukunya. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Umma ta miƙa masa makulli ta ce, "A tayar da ita kawai, ɗan nan." Ya karɓa da hannu biyu, zuciyarsa fal, yana raya cewa sai ya nuna wa surukarsa ba ta yi zaɓen banza ba.

Aka ja motar aka tafi. Aka sa batir, aka wanke kafireta, aka sauya fulogi da tayoyi, inji ya tashi lafiya lau. Da a nan ya tsaya, da babu labari. Amma Bilal ya dubi kujerun ya ga sun ƙoƙe, ya ga baƙin tabon nan, ya ce wallahi amaryarsa ba za ta hau wannan da lefenta ba. Ita kuwa Saudatu ba ta taɓa gaya masa zaman da Umma ke yi a mota ba. Tana ganin abin cikin gida ne, har ma ɗan nauyin faɗarsa take ji.

Ranar da ya dawo da ita, tun daga bakin layi yake danna ham. Yaran unguwa suka biyo shi da gudu. Mota ta sha fenti sai walƙiya take. Ya fito yana washe baki.

"Sauda, sofrayis! Bazata na yi miki! Leƙa ciki ki gani!"

Ta leƙa. Kujeru ne sababbi fil, an yi musu sabon soso da jar leda, ga wani ɗan kwali mai ƙamshin lemo yana lilo a jikin madubi.

Aka shigar da motar gareji. Umma ta fito da murmushinta, ta shafa bodin, ta buɗe ƙofar gaba ta zauna, ta ja ƙofar ta rufe kamar yadda ta saba. Ta lumshe ido ta ja numfashi. Ta sake ja. Saudatu na kallonta ta gilashi, ta ga murmushin yana gushewa a hankali.

Umma ta buɗe ƙofa. Muryarta can ƙasa ta ce, "Ina kujerata?"

Bilal ya matso. "Ai Umma, kujerar ta tsufa, har da wani datti a jiki, shi ne na ce..."

"Datti," Umma ta maimaita. Ta miƙe da ƙyar ta shige gida, ta bar carbinta a kan sabuwar ledar.

Jibrin kuwa kamar jira yake. "Ka gani ko, Malam? Tayar da ita aka ce ka yi! Tun ba ka shigo gidan ba ka fara zubar mana da kayan ubanmu, in ka shigo fa? Mu ma sai ka sauya mu?"

Da yamma Bilal ya dawo zance, fuskarsa a ɗaure. Suka tsaya a zaure.

"Yanzu don Allah laifi ne don na yi gyara? Ban yi barcin kirki ba saboda motar nan, ko sannu babu!"

Hawaye suka zubo wa Saudatu. Ta ba shi labarin akuyar da kwalbar, da zaman la'asar. "Abin da ya rage mata na Baba ke nan, Bilal. Hotonsa ba ya ƙamshi, rigunansa an rabar. Nan kaɗai take zuwa ta same shi. Me ya sa ba ka tambaya ba?"

"Ke me ya sa ba ki faɗa min ba?"

Kowannensu ya san an taɓo shi. Can ya ce, "Innalillahi... ni na ce masa datti." Ya sa takalminsa ya tafi, ko sallama bai iya yi ba.

Gida ya rikice. Umma ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Abinci sai ta taɓa ta ture. In la'asar ta yi, ƙafarta ta kai ta har ƙofar gareji, sai ta tsaya ta dafa ƙyauren, ta juyo. Wannan juyowar ita ke karya zuciyar Saudatu. Jibrin ya zagaya wajen baffanninsu ya kai ƙara, aka ce a haɗu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in ta kama a mayar da kayan sa rana a mayar.

Bilal kuma ya ɓace. In ta kira sai ya ce, "Filis Sauda, ina wani aiki, zan kira ki." Jibrin ya samu abin yi. "Ina mutumin naki? Ya yi ɓarna ya gudu ko?"

Saudatu ta cije. Tana son Bilal so na gaske, tana kuma ganin uwarta na ramewa a gabanta. Ba ta mayar wa yayanta magana ba, ba ta kuma roƙi Umma komai ba. Ta dama mata kunu, ta matsa mata ƙafa, in kukan ya zo ta shiga kicin ta yi shi a can.

Ranar Juma'a da hantsi aka yi sallama a zaure. Bilal ne, ya yi zuru-zuru, hancinsa ja wur kamar mai mura, riƙe da wani abu a leda. Jibrin ya tare ƙofa, Umma ta ce daga ɗaki, "Bar shi ya shigo."

Ya durƙusa a bakin ƙofa. "Umma, na yi kuskure, ku yafe min. Na koma wajen Malam Ilu mai ɗinkin kujeru, ya ce tsohon soson ya sayar wa masu filo a Gwammaja. Na je na tarar sun yayyanka shi sun haɗa da wasu a buhuna."

"To sai aka yi yaya?" in ji Jibrin.

"Sai na zauna na riƙa zazzage buhunan ina shinshinawa, guntu-guntu. Har cewa suka yi a kai ni a yi min ruƙiyya. Yadin kuma a ƙarƙashin wata mota na same shi, bakanike yana kwanciya a kai." Ya sunkuyar da kai. "Ban samu duka ba, Umma. Abin da na samu ke nan."

Ya turo ledar. Saudatu ta buɗe. Ɗan ƙaramin filo ne, an ɗinka shi da tsohon yadin kujerar, baƙin tabon nan a tsakiyarsa.

Umma ta karɓa ta daɗe tana kallo. Sannan ta kai shi fuskarta. Kafaɗunta suka fara rawa, ta ce cikin filon, "Alhaji..." Kukan da ta riƙe tun ranar da aka dawo da motar ya ɓalle, Saudatu ta rungume ta suna yi tare.

Da ta natsu sai ta miƙa wa ɗanta. "Ungo, Jibrin."

"Ni ba na..."

"Ungo na ce."

Ya karɓa a dole ya kai hanci. Sai ga ƙaton mutum ya zube a kan tabarma yana share ido da hula. Ashe tun ranar jana'iza bai ƙara shiga motar ba, don in ya ji ƙamshin ba ya iya tsayuwa. Abin da ya sa yake ta cewa a sayar ke nan. Ya dubi Bilal ya ce, "Malam, ni gudunsa nake, kai kuma ka bi shi har cikin buhu. Ka yi haƙuri."

Umma ta goge fuska ta dubi Jibrin. "Ka je ka gaya wa baffanninku in sun zo su ci tuwonsu su koma gida. Yaron da zai zauna cikin tsummokara yana neman abin da ya ɓata min, in ya ɓata wa Auta rai ma zai nemo shi."

Ranar kai amarya, bayan la'asar, aka fito da Fijo ƙofar gida. Jibrin ne da kansa a sitiyari. Gwaggonni suka riƙo Saudatu a lulluɓe za su sa ta a baya, sai ga Umma ta biyo su har zaure, abin da ba a saba gani ba.

"A gaba za ta zauna."

"Haba Hajiya, amarya a gaba?"

"A gaba na ce."

Ta kwance bakin mayafinta ta fito da wata 'yar kwalba, ragowar turaren Alhaji da take ta ɓoyo a ƙasan akwati ba tare da sanin kowa ba. Ta cire murfin, ta sunkuya ta tuntsirar da ita gaba ɗaya a kan sabuwar kujerar. Turaren ya bi ɗinkin ledar ya nutse cikin soso, ya bar baƙin tabo. Mata suka ɗauki salati.

Umma ta zaunar da 'yarta a gefen tabon, ta riƙe hannunta. "Motar ta zauna a wajenku, ni na samu nawa a ɗaki. Ki gaya wa mijinki ya gyara duk abin da ya ga dama a jikinta, amma wannan kar ya sake ya wanke."

Haka ne kuwa. Alheri ma yana son tambaya, don abin da kake gani tsumma ne a gidan mutane, wataƙila shi ke riƙe da ran wani. Wanda kuma ya yi kuskure ya sunkuyar da kai ya gyara, da wadda ta yi haƙuri ta riƙe bakinta a lokacin fushi, Allah ba ya barin su su taɓe.

Jibrin ya murza makulli, tsohuwar motar ta tashi bugu ɗaya. Ya ɗaga gilasan duka ya rufe. Kafin su fita daga layin ƙamshin ya cika motar, Saudatu ta fashe da kuka a cikin mayafi, don ta ji a jikinta cewa ita ma babanta ne ya kai ta ɗaki.