Aya a Kumatu

A shekarar 1986 akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha biyu a garin Silver Spring na ƙasar Amurka. Babanta ya rasu. Mamarta ke riƙe da gida da sana'ar aya da kilishi da yaji, kuma ba a taya mata kaya sau biyu.

Duk Asabar yarinyar na zuwa tafkin ninƙaya na unguwa koyon nutso da tulun iska a baya. Malaminsu shi ne Malam Dalyop, nas ne daga Filato. Kafin kowa ya taɓa ruwa sai ya koya musu yadda ake ceton wanda abu ya shaƙe.

Ita kuwa wannan darasi haushi yake ba ta.

"Ni nutso na zo koya, ba matse cikin mutane ba," in ji ta. Sai ta sulale ɗakin canja kaya ta zauna cin aya.

Ran nan ta zo da busasshiyar aya. Ta ɗibar wa Kaneng, ƙawarta da suke nutsewa tare.

"Ta yi tauri," in ji Kaneng.

"Ke dai baƙauya ce! Ajiye ta a kumatu ta jiƙa, haka ake yi."

"Malam ya hana shiga ruwa da abu a baki."

"Malam zai leƙa bakinki ne?"

Suka sa robar numfashi a baki, suka nutse. Kaneng ta ja iska da ƙarfi, ayar da ke kumatunta ta wuce ta maƙale a maƙogwaro. Ta taso a firgice, ta riƙe wuya da hannu biyu. Ba tari, ba magana. Leɓenta ya fara canja launi.

Yarinyar ce kusa da ita. Me za ta yi? Ba ta sani ba! Sai jijjiga ta take tana ihu.

Malam Dalyop ya faɗo ruwa. Ya jawo Kaneng waje, ya kwance mata tulu. Ya tsaya bayanta, ya dunƙule hannu a saman cibiyarta, ya matsa ciki ya yi sama. Sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Aya ta yi tsalle ta faɗi ƙasa. Kaneng ta fashe da tari da kuka.

Malam ya ɗaga ayar. "Ta wace ce?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

Da Mama ta ji labari a waya, ko ɗankwali ba ta gyara ba ta hau bas. Tun daga ƙofa ake jin muryarta.

"Ayata? Ayar da nake ci da ke da ita, ita kika ɗauka za ki kashe 'yar mutane? Na binne ubanki, kina so uwar Kaneng ma ta tsaya bakin rami?"

"Mama, ban sani ba..."

"Ba ki sani ba! Da ake koyarwa kina ina?"

Malam Dalyop ya ce, "Mama, a yi haƙuri. Sati biyu ba za ta shiga ruwa ba."

"Sati biyu? Malam, ka karyar da kaya. Wata biyu!"

"To, wata ɗaya."

"Biyu na ce. Ban rage ko kwana. Kuma ni ma a ba ni benci, in ga abin nan da idona."

Haka aka yi. Asabar takwas yarinyar na bakin tafki, yara na nutso, ita tana gwaji. Ta koyi alamar shaƙewa. Ta koyi kiran taimako da kwance tulu da inda ake sa hannu. Mama na zaune tana cewa, "Sake! Ban gamsu ba."

Kaneng kuwa ko kallonta ba ta yi.

Ranar ƙarshe yarinyar ta gwada komai a gaban aji, ba kuskure. Malam ya ce, "Wa zai nutse da ita?"

Can sai Kaneng ta taso.

"Buɗe bakinki in gani," in ji ta.

Yarinyar ta buɗe. Ba komai. Kaneng ta yi dariya, ta kama hannunta, suka shiga ruwa.

Yara, kada ku shiga ruwa da abu a baki. Kuma ku koyi ceton abokinku tun kafin ranar da zai buƙace ku.